Inda Tillie Take Numfashi

Shekara ashirin da shida Emil Rosoff yana tsara kiɗa, Tillie Brodkin tana sa masa kalmomi, kuma duk wanda ya taɓa hawa bene na huɗu na gidan nan da ke titin Arba'in da Shida zai shaida maka cewa ba su taɓa gama waƙa ɗaya lami lafiya ba. Wasannin waƙa goma sha ɗaya suka kai dandamali a Broadway. Bakwai sun karɓu, huɗu sun mutu tun fentin allon talla bai bushe ba. Ba mata da miji ba ne. Shi matarsa ta rasu tun yana da sauran gashi a ka, ita kuwa ba ta taɓa aure ba, tana zaune da yayarta a Bronx. Amma ma'aurata da yawa ba su yi rabin gardamar da suka yi ba, ba su kuma yi rabin zaman da suka yi tare ba.

Yadda suke aiki ba ya canzawa. Kiɗa ne kan gaba. Emil zai zauna gaban fiyano ƙarfe goma na safe ya buga sabon kari, Tillie kuwa tana bakin taga ta ba shi baya, takarda a cinya, tana fasa 'ya'yan kabewa da haƙora tana tara ɓawon a murfin kwalba. Ba ta iya karanta rubutun kiɗa ba ko ɗigo, saboda haka don kada karin ya tsere mata sai ta ɗaure shi da abin da suke kira kalmomin aro: duk maganar da ta zo mata baki, in dai ta hau kan kiɗan. Tsadar kabeji, zagin mai gidan haya, ƙafar yayarta da ke kumbura. Za ta rera masa su sau ɗaya ko biyu a ga ko lissafi ya fita, ta tafi da takardar gida, bayan mako guda ta dawo da baitocin gaske, waɗanda za su sa manyan mata kuka a kujerun dala shida. Daga nan sai ta yaga takardar aron gida huɗu ta jefa kwando. Wannan doka ce. Ta sha gaya masa cewa in ta mutu ta bar wata a baya, ya yaga ta ba tare da kowa ya gani ba, kada duniya ta ce ga irin shirmen da Brodkin take rubutawa.

Ba ta ma bukatar ta ja masa kunne, don Emil kurma ne a wajen kalmomi. Wannan kowa ya sani. In tana rerawa, shi gaɓoɓi yake ƙirgawa da yatsu a kan murfin fiyano, bakinsa yana motsi. Da za ta rera masa cewa gidan ya kama da wuta, abin da zai ce shi ne gaɓa ɗaya ta yi yawa.

Faɗansu kuwa guda ɗaya ne, suna ta maimaita shi kamar tsohon faifai. Tillie tana da fuka tun tana yarinya. Numfashinta gajere ne, ba ya kai ta ƙarshen dogon layi, shi kuwa Emil babu abin da yake so irin dogon layi mai tafiya ba tsayawa. Duk inda iska ta ƙare mata sai ta ja ɗan zane a takarda, ta ce a nan za a huta. Ya ce ta yanka masa kari a tsakiyar ciki. Ta ce mutane ne za su rera, ba famfon tashar mai ba. Ya ce mawaƙan dandamali suna da huhu irin na doki. Ta ce to ya je ya rubuta wa doki. A ƙarshe dai zai ɗauki fensir yana guna-guni ya buɗe mata gurbi a cikin kiɗan, ya ce wannan ne na ƙarshe. Haka waƙoƙinsa duka suka fito da 'yan ramuka a wuraren da babu mai tsammani.

Ta rasu a watan Fabrairu na 1953. Emil bai ga zuwan abin ba. A watan Nuwamba sun yi aiki a kan wani sabon kari mai sanyi, ta sa masa kalmomin aro, suka yi faɗan da suka saba, har ya fi na kullum zafi, don a ranar zanenta ya yi yawa. Ta tashi ta tafi ta manta takardar a kan fiyano, abin da ba ta taɓa yi ba. Daga nan ta ce mura, daga mura sai asibiti. Ya je duba ta sau shida, duk zuwa sai ta cika shi da labarin ma'aikatan jinya da munin abincinsu. Sai bayan an binne ta yayarta ta gaya masa cewa likita ya faɗa mata gaskiya tun farkon kaka.

Wannan shi ne abin da ya tsaya masa a wuya. Mutuwa dai kowa zai yi, amma a ce shekara ashirin da shida, mace ta san tafiya za ta yi, ta kasa ce masa ko sai wata rana? Ya yi kewarta ƙwarai, yana kuma jin haushinta, ya rasa wanda zai gaya wa ko ɗaya daga ciki. Takardar aron nan ya kasa yaga ta, ya kuma ƙi duba ta. Ya haɗa ta da rubutunsa na fensir ya cusa cikin akwatin kujerar fiyano, ƙarƙashin tsofaffin takardu. Amma kafin nan sai da ya zauna ya kwafe karin da tawada a sabuwar takarda, ya toshe duk gurbin da ta tilasta masa buɗewa, layukansa suka miƙe zar kamar yadda ya so tun farko. Yau dai babu mai hana shi. Ya buga sau ɗaya, bai ji daɗin da ya zata ba, ya ajiye a aljihun tebur.

Da yake rayuwa ba ta jira, masu kuɗin wasa suka haɗa shi da sabon abokin aiki, Warren Pruitt. Mutumin kirki ne, ya yi makaranta mai zurfi, ba ya cin komai a ofis, ba ya ɗaga murya. Shi kalmomi yake fara kawowa, an buga su tsaf da tafireta, Emil ya bi su da kiɗa. Ko sau ɗaya ba su yi gardama ba. Sun yi wasa ɗaya, jaridu suka yaba, mutane suka tafa, suka fito suna maganar inda za su ci abinci. Yanzu ana shirin na biyu, kuma akwai gurbin waƙa mai sanyi a kashi na biyu da ya ƙi cikuwa. Pruitt ya ji labarin karin nan na ƙarshe, ya roƙa cikin ladabi a ba shi ya gwada, sau ɗaya dai ya bi bayan kiɗa. Emil ya yi ta hanya-hanya har dabara ta ƙare masa, ya ce ranar Juma'a. Ya san in ya miƙa, abin da ya rage masa na Tillie ya tafi ke nan.

Ranar Talata da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dogon mutum ne baƙi, da furfura a saje, da hula a hannu ɗaya, akwatin ƙahon busa, saksofon, a ɗayan. Ya ce sunansa Alton Mabry. Emil ya san sunan, kamar yadda mutum yake sanin sunan maƙwabcin da akuyarsa ke cin masa shuka. Shekaru ke nan 'yan kiɗan jaz na Harlem da titin Hamsin da Biyu suna ɗaukar waƙoƙinsa, su busa karin sau ɗaya don sauke nauyi, sannan su shige ciki su yi ta ɓarin abin da suka ga dama har ya kasa gane ɗansa. Yakan ce da mutane ɓarayi ne masu ladabi, sukan gaishe ka kafin su kwashe kayan. Amma in ana faɗin haka a gabansa, kafaɗarsa takan ɗan tashi, don a ransa ya yanke cewa zurfin haɗin muryoyinsa ne yake jawo su.

Mabry ya zauna, ya karɓi shayi a tambulan, ya yi ta'aziyyar Mis Brodkin, ko da yake bai taɓa ganinta ba. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ranar Alhamis zai ɗauki faifai, yana neman waƙa mai sanyi wadda ba a taɓa ji ba, kuma wani a ofishin masu buga waƙoƙi ya tsegunta masa akwai guda a aljihun tebur.

"Don ku yi mata abin da kuka yi wa 'yan uwanta?" in ji Emil. "Ranar nan na ji ɗaya a rediyo, sai da mai gabatarwa ya faɗi sunana na san tawa ce."

"Ai Farfesa, yaro in ya girma yakan canza kama," in ji Mabry. "Amma duk inda ya je, hancin ubansa yana nan."

Emil ya yi tsaki, amma maganar ta yi masa daɗi. Ya jawo aljihun tebur ya miƙa masa kwafin tawada, ya ce dubawa kawai. Mabry ya jingina takardar a jikin fitila, ya haɗa ƙahonsa ba gaggawa, ya jiƙa bakin, ya fara busawa a hankali yadda ba zai dami 'yan ofishin da ke kusa ba. Sautin yana da kauri da taushi. Ya yi layi na farko, ya shiga na biyu, ya kai tsakiya, sai ya sauke ƙahon. Ya sake farawa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ya daɗe yana kallon takardar yana shafa haɓa.

Ya tambaya ko da Mista Pruitt aka yi wannan. Emil ya ce a'a, da Tillie ne. Mabry ya girgiza kai, ya ce to wani ya shiga karin nan ya share shi tas kamar ɗaki. Ya nemi a ba shi kalmomin. Emil ya ce babu, ba ta kai ga rubuta su ba, kuma me mai busa zai yi da kalmomi, ko ƙahon nasa ya iya magana ne?

Mabry bai yi fushi ba. Ya ce shi tun yana yaro a Carolina, tsohon da ya koya masa busa a coci ba ya barinsa ya taɓa waƙa mai sanyi sai ya haddace baitocinta, kuma har yau haka yake yi. Ya ce akwai ranar da ya tsaya cak a tsakiyar waƙa gaban jama'a don baiti ya ɓace masa. In bai san abin da waƙa take faɗa ba, bai san inda zai ja numfashi ba, in kuwa bai san wannan ba, to yatsu kawai yake motsawa. Sannan ya faɗi maganar da ta tsaya wa Emil a rai.

"Kada ka ji haushi, Farfesa. Haɗin muryoyinka yana da kyau, amma masu irinsa suna da yawa a garin nan. Abin da ya sa muke bin waƙoƙinka, ƙofofi ne. Kari yana tafiya, sai ya tsaya a inda ba a zata ba, kamar mutumin da magana ta yi wa nauyi. Ta nan muke shiga. Sababbin nan da ka yi bara, ka ji wani a cikinmu ya taɓa su? Bango ne sumul, ko taga babu."

Emil ya miƙe tsaye, fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya ce waɗannan ƙofofin da ake yabo ciwon fuka ne na wata mace mai taurin kai, kuma shekara ashirin da shida ya yi yana yaƙi da su. Mabry ya ce to Allah ya sa ba ka yi nasara ba. Ya kwance ƙahonsa, ya rubuta adireshin ɗakin ɗaukar faifan a bayan ambulan, ya ce Alhamis ƙarfe biyu, in an sami kalmomi. Ya gode da shayi ya sauka.

Ranar Emil bai yi aiki ba. Ya fita ya ci miyar kabeji da burodi a inda suka saba ci, ya yi wa mai kawo abinci faɗa a kan gishiri, ya dawo. Washegari ya buga tsofaffin waƙoƙinsu ɗaya bayan ɗaya, da niyyar ya tabbatar wa kansa mutumin nan surutu kawai ya yi. Duk inda ya iso gurbin Tillie sai ya ji kunnensa ya miƙe yana jira. Ya gwada toshe su, waƙoƙin suka koma kamar na kowa. Wajen la'asar, rana ta faɗo kan tagar da take zama, ya tashi daga kan kujerar ya ɗaga murfinta.

Takardar tana nan, da tabon man 'ya'yan kabewa a gefe. Rubutunta ne mai karkata, da zane-zanen hutunta birjik, sun fi na kullum yawa. Ya fara ƙirga gaɓoɓi da yatsa don sabo, sai ya dunƙule hannun ya sa a aljihu. A karo na farko a rayuwarsa ya karanta kalmomin aro don ya ji abin da suke cewa.

*Ka sha maganinka / kafin abinci,*
*ba baya ba, / kai dai ba ka ji.*
*Hularka / tana kan fiyano,*
*kada ka fita / kai sake.*

Ya yi murmushi. Tillie ke nan. Baiti na biyu ma haka, a kan rigar sanyinsa da maɓalli ya cire, da tela na titin Delancey da ba ya cuta. Sai ya iso tsakiyar waƙar, inda karin yake hawa sama, inda Mabry ya tsaya sau biyu.

*Likita ya ce / hunturu ɗaya,*
*in an yi sa'a / har bazara.*
*Ga shi na faɗa / a gabanka,*
*na san / ƙirga kake yi.*
*Emil, / na ji daɗin zaman.*
*Ka bar mini wuri / a nan / in huta.*

Ya zauna a ƙasa, a jikin ƙafar fiyano. Ranar ta dawo masa tsaf. Tana bakin taga, amma ba ta ba shi baya ba, ta juyo tana kallonsa, har ya yi mamaki. Ta rera sau ɗaya, ta sake rerawa. Shi kuwa kansa yana sunkuye yana buga yatsu a murfi, da ta gama ya ce mata hutu biyu a layi ɗaya ya zama iskanci, ta mai da masa waƙa kamar mai hawa bene da buhu. Ta dube shi ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce hali zanen dutse, ta ajiye takardar a kan fiyano ta ɗauki jakarta. Ashe ba mantawa ta yi ba. Ta yi masa sallama ta hanyar da za ta iya, a wurin da ta san ba zai katse ta da kuka ba, shi kuma ya shekara yana jin haushin ba ta yi ba. Ya yi kuka a ɗakin nan har fitilun titi suka kama, kukan kunya da na kewa, da wani abu mai kama da sauƙi.

Da safe ya kira Pruitt a waya. Ya ba shi haƙuri, ya ce karin nan yana da kalmominsa, shi ne bai sani ba, zai rubuta masa wani kafin Litinin. Ya ƙara da cewa daga yau in ya kawo baitoci, ya riƙa karanta masa su da baki, yana so ya ji. Pruitt ya ce to, madalla.

Saura dokar Tillie. Ta ce a yaga, kada kowa ya gani. Emil ya yi ta juya maganar a jirgin ƙasa, takardar tana aljihun ƙirjinsa. A ƙarshe ya yanke cewa dokar a kan shirme aka yi ta, wannan kuwa ba shirme ba ne, kuma in tana da ƙorafi ta ajiye har su haɗu, ai ba yau suka fara ba.

Ɗakin ɗaukar faifan tsohon zauren rawa ne a bene na biyu, an lulluɓe bangonsa da barguna. Mutum huɗu ne: Mabry, da mai fiyano, da mai ganga, da mai ƙatuwar garayar nan da ake kira bas, duk sun tuɓe kwat sun naɗe hannun riga. Da suka ga ɗan tsohon nan da hularsa, mai gangar ya ce ga mai kaya ya biyo sawu, kowa ya ɓoye abin da ya sata. Emil ya ce ai ya makara, sun riga sun sayar. Aka yi dariya. Ya miƙa wa mai fiyano rubutunsa na fensir, mai ramukan nan duka, sannan ya ja Mabry gefe, bayan wani allo, ya ciro takardar.

"Kai kaɗai," in ji shi. "Ba a rerawa, ba a bugawa. Ka karanta ka ba ni abata."

Mabry ya goge hannunsa a wando kafin ya karɓa. Ya karanta a tsaye, leɓɓansa suna motsi. A baitin maɓalli ya yi 'yar dariya ta hanci. Da ya kai tsakiya ya daina motsi gaba ɗaya. Ya koma farko, ya sake bi, sau uku, yana jan numfashi a duk inda ta ja zane. Ya ninke takardar yadda ya same ta ya mayar masa da hannu biyu. Bai ce komai a kan abin da ya karanta ba, kuma Emil ya gode masa a ransa. Abin da ya tambaya kawai shi ne yadda numfashinta yake, ko mai sauri ne ko mai ja. Emil ya ce gajere ne, da ɗan kaushi a ƙarshe, kamar an ja ƙofar da ba a sa wa mai ba. Mabry ya gyaɗa kai.

Aka zaunar da Emil a ɗan ɗakin gilashi, kusa da injiniya, wani mai kiba da sigari a kunne. Fitila ja ta kama. Mai fiyano ya shimfiɗa hanya a hankali, bas ya bi shi, mai ganga yana shafa fatar da tsintsiyar waya. Mabry ya rufe ido ya shigo.

Bai ƙara wa karin komai ba a zagayen farko. Ya busa shi yadda aka rubuta, kuma Emil, wanda bai taɓa jin kalmomi ba, ya ji su ɗaya bayan ɗaya suna fitowa daga bakin ƙahon: maganin, hular, maɓallin. A zagaye na biyu Mabry ya shiga ta ƙofofin da ya faɗa, ya yi yawo, ya yi tsokana, har akwai inda Emil ya rantse gardama ake yi da shi. Bai ji haushi ba ko kaɗan. Sannan aka dawo tsakiyar waƙar, karin ya hau sama, sauran ukun suka yi ƙasa da hannu har kusan shiru. Mabry ya matso dab da makirfo. Ya busa gaɓoɓi shida ya tsaya, kuma a cikin gurbin nan aka ji ya ja iska, gajere, da ɗan kaushi a ƙarshe. Ya busa biyu, ya sake ja. Ya busa ukun ƙarshe ya bar su suka narke.

Fitilar ta mutu. Injiniya ne ya fara motsi, ya mayar da zaren da ya naɗi sautin baya ya saurara, ya ɓata fuska. Ya danna maɓallin magana ya ce da Mabry abu ya yi kyau, amma ya matso makirfo da yawa, numfashinsa ya shiga faifai har wuri biyu, ana jin sa ƙarara. A sake ɗauka, ko kuma shi ya sa reza ya yanke wuraren, aikin minti biyar ne, babu wanda zai gane.

Mabry ya dubi Emil ta cikin gilashi.

Emil ya ɗora hannunsa a kan hannun injiniyan, kafin ya kai ga rezar. An ji muryarsa har cikin zaure, don maɓallin yana danne.

"Kada ka taɓa. Ka bar mata wurinta."